MARAYAN DA UBANSA KE RAYE

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da "ina Ra'uf, ina Ra'uf", na ji ku. Wadda ta ce na tsani jarumin nan shi ya sa nake wahalar da shi, wallahi ban tsane shi ba, halinsa ne ke bin sa. Mun tsaya inda Ra'uf Nizam ya sauka Iskandariyya da lambar yabonsa ta Turai a jaka, ya ce wa direba ya kai shi unguwar Bahari, gidan mahaifinsa da ya shekara huɗu bai taka ba.

*

Tun daga bakin lungu Ra'uf ya gane an riga an kalli fim ɗin da ya ciyo masa lambar yabon.

Juma'a ce, yanzu aka sauko daga masallaci, shagon shayin Ma'allim Hamada a cike maƙil, kujeru har kan titi. Shekarun baya in motarsa ta shigo unguwar nan, ko minti biyar ya fito a wasan talabijin na watan azumi, sai an tare ta. A rungume shi, a ja masa kunne, a ɗora masa shayi ko yana so ko ba ya so. Yau ga shi ya dawo da hotonsa a jaridun ƙasashe bakwai, amma masu buga dara ɗagowa kawai suka yi suka kalle shi, suka mayar da kai kan allonsu.

Ya cire baƙin tabarau ya tsaya.

"Salamu alaikum ya Ma'allim."

"Wa alaikumus salam ya Basha, babban mutum." Ma'allim Hamada ko motsi bai yi daga kujerarsa ba. "Sannu da hanya. Allah ya jiƙan mahaifinka."

Wani ya ƙware da shayi.

"Ka yi mana uzuri," in ji Ma'allim, "labarin rasuwar a makare ya iso mana. Ɗazu ma na ga marigayin a sahun farko, cunkoso ne ya hana ni yi masa ta'aziyyar kansa."

Ba wanda ya yi dariya a fili. Da sun yi ma da ya fi masa sauƙi. Ra'uf ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Ya mayar da tabarau, ya shige gidan da sauri kamar wanda ake kora.

Hawa huɗu ne. Ƙamshin soyayyen kifi da albasa ya tare shi tun daga ƙasa. A hawa na uku ya tarar da ita zaune kan matattakala, ta naɗe hannun riga, waya a cinya. Yayarsa Afaf ce, malamar firamare, wadda tun rasuwar mahaifiyarsu ita ke zuwa kullum ta dafa wa tsohon.

"Abla..."

"Tsaya nan."

"Abla, bari mu shiga ciki mu yi magana."

"Cikin ina? Gidan kyaftin kake nema? Ka ɓata hanya. Nan gidan Shihata ne."

Ta danna wayar ta miƙo masa har kan hancinsa. Ga shi nan cikin baƙar kwat, zaune gaban wata Baturiya, yana magana da Turanci yana ɗan sunkuyar da kai irin na mai tuna baƙin ciki. Wani ɗan Adam mai lokaci ya fassara hirar kaf, ya jera rubutun Larabci a ƙasa.

*Mahaifina kyaftin ɗin jirgin ruwa ne. Ina da shekara tara teku ta cinye shi.*

"Kashe, Abla."

"Ai ba a zo wajen hawayen ba. Har hawaye ka yi."

"Don Allah ki kashe."

Ta kashe. Ta zuba masa ido.

"Ba ki san mutanen nan ba," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Labari suke so. In ba ka ba su ba, su ƙirƙira maka. Sau ɗaya na faɗa, shekara goma sha biyu da suka wuce, a Bairut, ga wata mujallar Faransanci da na ɗauka ba wanda zai karanta. Shi ke nan ta bi ni. Duk inda na je sai an tambaye ni kyaftin. In ce musu me? Na yi ƙarya?"

"E. Haka za ka ce."



Abin da bai iya gaya mata ba shi ne yadda aka faro. Mahaifinsu ya shekara talatin da 'yan kai yana bin jirgin ƙasa na asuba zuwa Alƙahira, yana aikin cika fili a finafinai, irin mutanen nan da ake kira kombars. Yau yana riƙe da mashi bayan sarki, gobe yana cikin masu rakiyar gawa, jibi ya wuce ta bayan jarumi da tire a hannu. Ba a taɓa rubuta sunansa a allo ba. Shekarar da Ra'uf ya fara tashe, a wata liyafa, wata babbar jaruma ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Au, ɗan Shihata ne? Ubanka ya taɓa riƙe min lema." Falon ya ɗauka da dariya. Washegari ya cire Shihata daga sunansa ya zama Ra'uf Nizam. Daga nan zuwa kyaftin ba nisa.

Daga sama wata murya ta sauko, dusasshiya, ba fushi a cikinta.

"Afaf! Wa kike tsarewa a matattakala? Kifi zai huce."

Afaf ta miƙe ta karkaɗe siket.

"Da ni ce, da ka juya daga nan. Amma tun safe yake leƙa taga."

*

Amm Shihata na zaune a mazauninsa na kullum, cikin farar jallabiyar Juma'a, sandarsa jingine da tebur. Ya rame. An shimfiɗa tsofaffin jaridu a teburin, ga tulin jar shinkafar kifi, ga gasasshe ga soyayye, ga tsamin gauta. Abincin da Ra'uf ke so tun yana ƙarami, ba a rage ko ɗaya ba.

Idonsa ya kai bango. Hotunansa na nan yadda ya bar su. Na wasan azuminsa na farko, na fim ɗin Bairut, na wanda aka ɗauka a Maroko yana kan doki. Har an ƙara sabo, an yanko daga jarida an sa a gilashi: shi riƙe da lambar yabon. Ya so a ce an sauke su. Ya so a ce an yayyaga.

Ya durƙusa ya kama hannun tsohon zai sumbata. Tsohon ya bar masa hannun, ya shafa kansa da ɗayan.

"Ka yi furfura, ɗan nan."

"Yaba, ni..."

"Zauna ka ci. Ba a magana kifi na hucewa."

Ya zauna. Amm Shihata ya jawo kifi ɗaya gabansa, ya shiga zare ƙaya da yatsu a hankali, yana tara tsokar gefe guda. Da ya gama ya tura farantin gaban ɗansa.

Ra'uf ya kai loma ɗaya baki. Bai ƙara ta biyu ba.

"Na kalli fim ɗin," in ji tsohon.

Afaf ta ajiye cokali.

"Ma'allim Hamada ya haɗa mana a shago ranar Talata bayan la'asar. Kujera arba'in ya jera, ya raba lemo kyauta, ya sa ni a gaba. Har da 'yar fulawa aka rataya min. Ya ce yau ɗanmu ya shiga finafinan duniya."

"Yaba, ba fim ɗin da za a..."

"Bari in gama. Aka fara. Turawa suna ta yarensu, mu muna jiran ka. Can sai ga gidan kurkuku, sai ga ƙofa ta buɗe, sai ga wani mutum ya shigo daga duhu, ba a ganin fuskarsa, tafiyarsa kawai ake gani." Ya ɗan murmusa. "Sai Fathi mai gyaran raga ya yi ihu, 'Wallahi Amm Shihata ne!' Wuri ya kaure da dariya. Ni ma na yi. Na ce a raina, ka ga yaron nan, bai manta ni ba. Har yadda nake dafa bango kafin in juya. Har tarin."

Ya ɗauki ruwa ya kurɓa.

"Sai mutumin ya ɗaga sanda ya hau dukan yaron da ke ɗaure."

Daga titi ana jin mai tallan gas yana buga ƙarfe.

"Awa biyu ina zaune a gaba da fulawa a wuya," in ji Amm Shihata, "ina kallon kaina ina cire wa mutane farce."

Ra'uf ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. Ya tuna ranar. Daraktan, wani dogon Bature mai tauna cingam, ya ce masa mugun nan bai cika ba, yana son wani abu a jikinsa da mai kallo zai ji ƙyama tun kafin ya yi magana. Ra'uf ya koma bayan tanti, bai yi tunanin minti biyu ba, ya fito yana tafiyar mahaifinsa. Daraktan ya tashi tsaye yana tafi.

"Tashi," in ji tsohon.

"Na'am?"

"Tashi ka yi min. Daga ƙofa zuwa taga."

"Yaba, don girman Allah..."

"An ba ka lambar yabo a kanta, ni ba zan gani ido da ido ba? Tashi."

Afaf ta ce, "Tashi mana, ya Ustaz. Ko sai an kawo kyamara?"

Ya miƙe. Ya je bakin ƙofa. Mutumin da ya tsaya gaban dubban Turawa bai ji ɗar ba, yau falo mai taku shida ya gagare shi. Ya jefa ƙafar hagu, ya jawo ta dama. Taku ɗaya. Biyu. Uku.

"Tsaya. Ba haka ba ne."

Ya tsaya.

"Kana jan ƙafar a ƙasa. Yaushe ka ga na ja ƙafa? Ciwon ba a gwiwa yake ba, a ƙugu yake. Ɗaga ta ake yi da kafaɗa, a ajiye. Kuma kana kallon ƙasa. Mai wannan ciwon gaba yake kallo, don kada mutane su ce sannu." Ya dafa tebur ya yunƙura. "Duba."

Ya bar sandar a jingine. Ya tako daga tebur zuwa taga, kai a miƙe, kafaɗar dama na tashi tana sauka, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ya dafa bango ya juyo.

"Ka gani? Turawan sun cuce ka, da suka bar ka ka fito haka. In za ka saci abu, ɗana, ka sace shi daidai."

Ra'uf ya rufe fuska da hannu biyu.

"Yaba," in ji Afaf, "tambaye shi inda ya ce ya samo tafiyar."

"Na ji."

"A'a, ya faɗa da bakinsa."

"Na ce na ji, Afaf. An karanta min." Ya koma ya zauna da ƙyar. "Wani tsohon mabaraci da yake gani a bakin tashar jiragen ruwa."

Ya ɗan jima yana kallon tafin hannunsa.

"Kyaftin ɗin bai dame ni ba. Na ma ji daɗi, ka ba ni jirgi. Mutuwar ma ba komai, tana tafe. Amma Ra'uf, ban taɓa miƙa hannu ba. Ko ranar da ba mu da gawayi. Ka tambayi yayarka."

Da ya zage shi, da Ra'uf ya jure. Wannan sanyin ne ya kasa ɗauka. Kunya ta cika masa ciki har ta rasa hanyar fita, sai ta fito da siffar faɗa.

"To me kuke so in yi? Kun san abin da na gani a can? Shekara shida duk takardar fim da aka aiko min, ɗan fashi ne, ko mai ɗaure da bam, ko attajiri mai mata goma. Na ƙi tara, na karɓi ta goma, don in na ƙi akwai Larabawa ɗari a layi! Ku kuna nan kuna shan shayi kuna yanke hukunci. Ba wanda ya ɗaga ni! Ba ni da kawu a harkar nan, ba ni da uban gida. A tashar mota darakta Ustaz Lam'i ya tsince ni da yagaggen takalmi, ya ce fuskata ta yi masa. Duk abin da na zama da gumina na zama!"

Afaf ta yi wata irin dariya.

"A tashar mota."

"Afaf," in ji tsohon.

"A tashar mota, ya ce!"

"Afaf, kin yi rantsuwa."

"Zan yi azumi uku, Yaba. Wallahi ko talatin ne zan yi."

"Na hana ki."

"Ka hana ni shekara goma sha tara. Ya isa." Ta juyo kan ƙanenta, idonta jawur. "Kai, zo nan. Yaya aka yi Yaba ya karye?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Daga taram ya faɗo, jirgin nan na cikin gari, a Manshiyya nan kusa da mu."

"Wa ya gaya maka?"

"Mama."

"Ka ga taram ɗin? Ka ga wanda ya ɗauko shi? Ka taɓa tambayar me ya sa wanda ya faɗi a Manshiyya aka kwantar da shi a asibitin Alƙahira?"

Afaf ba ta jira amsa ba.

"Shekara biyu kana Alƙahira kana yawon ofisoshi ana korarka. Ka tuna wayar da ka yi wa Mama kana kuka, ka ce za ka dawo ka shiga kamun kifi? Yaba na gefe yana ji. A wannan satin Ustaz Lam'i na ɗaukar fim, akwai inda jarumi zai diro daga saman jirgin ƙasa yana tafiya. Masu wannan aikin su biyu suka je suka duba wurin suka ce ba za su yi ba, duwatsu sun yi yawa. Yaba na cikin fasinjojin cika fili. Yana da shekara hamsin da uku. Ya ɗaga hannu."

"Ƙarya ne."

"Aka ce ya faɗi abin da yake so. Ya ce ba ya son komai. Ya ce yana da ɗa, a duba shi sau ɗaya."

"Abla, ƙarya ne!"

"Ya dira. Aka ce kyamara ba ta kama da kyau ba. Ya sake hawa."

Ra'uf ya juya wajen mahaifinsa. Tsohon na kallon taga.

"Yaba... ka ce ƙarya take yi."

Amm Shihata ya ja numfashi.

"Na biyun ya fi kyau," ya ce a hankali. "Shi suka saka."

 Ra'uf ya zube a kan tayil, nan gefen tebur.

"Amma tashar motar... shi da kansa ya tsayar da mota, ya sauke gilashi..."

"Ni na gaya masa tashar. Da lokacin da kake tsayawa. Da kalar rigarka, ai guda biyu gare ka." Tsohon ya goge hannu da tsumma. "Ya zo duba ni a asibiti, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai cika alkawari. Ya ce in turo ka ofis. Na ce a'a. In ka san ni na roƙa, za ka shiga gaban kyamara da kai a ƙasa, kuma kyamara tana gani. Na shekara talatin ina kallon masu shiga da kai a ƙasa, ba wanda ya kai ko'ina. Na ce ya tsince ka kamar ya tsinci zinare."

"Labarin da kake bayarwa a kowace hira," in ji Afaf. "Har da yadda rana ta haska maka fuska."

"Ya isa, Afaf. Duba shi kawai aka yi. Sauran shi ya yi. In da bai iya ba da an koro shi a mako ɗaya."

"Har yanzu kare shi kake yi!"

"Ɗana ne."

Ra'uf ya ja jiki a ƙasa har gaban tsohon. Ya kai hannu zai taɓa ƙafar, ya kasa. Ya ƙura mata ido, siririya cikin silifa, ta ɗan karkace waje. Ita ya ɗauka ya kai wa Bature ya ce ga abin ƙyama. Ita aka tafa wa minti bakwai a tsaye, shi kuma ya dafa ƙirji yana rusunawa.

"Yaba, ka tsine min. Don Allah ka tsine min in samu sauƙi."

"Tashi daga ƙasa, za ka ɓata wandonka."

"Zan gyara. Wallahi zan gyara. Gobe zan kira 'yan jarida, zan ce..."

Wayarsa ta hau ruri a aljihu. Tun yana matattakala take yi yana share ta. Afaf ta sa hannu ta zaro ta ba tare da ta nemi izini ba, ta danna ta buɗe murya.

"Ra'uf! Sai yanzu?" Muryar Madam Dalya ce, manajarsa. "Kira goma sha ɗaya! Saurara, Madam Katrin ta gidan talabijin ɗin nan da ke shirya tarihin rayuwarka ta sauya tsari, gobe da safe za ta tashi. Na kira direbanka ya ce kana tsohon gidanku a Bahari. Ka ga dace! Gidan da marayan kyaftin ya tashi, ai shi take ta roƙo. Na tura su tun ɗazu."

"Dalya, a'a. Ki ce su juya. Ki ce..."

"Su juya ina? Yanzu tafintan ya ce min suna hawa bene. Kuma ka kula da bakinka, masu sabon fim ɗin nan na London shirin nan suke jira kafin su sa hannu. Ka ba ta kyaftin, ka ba ta teku, kada ka rage komai."

Ta kashe.

Ana jin takun mutane a matattakala, da ƙarar ƙarfe na bugun bango.

Afaf ta harɗe hannu.

"Ga 'yan jaridar sun hutar da kai. Ba sai gobe ba."

Ra'uf ya miƙe.  Ya dubi ƙofa, ya dubi mahaifinsa, ya sake duban ƙofa. Yanzu yanzu ya rantse. Amma ga shi tsaye, ƙafarsa ta ƙi zuwa gaba, kuma ya san su biyun sun ga ta ƙi.

Aka ƙwanƙwasa.

Amm Shihata ya dubi ɗansa, duba mai tsawo. Sannan ya jawo sandarsa.

"Afaf, miƙo min tsohuwar hular nan. Da makullan da ke kan firji."

"Yaba, me za ka yi?"

"Miƙo."

"Wallahi ba za ka yi ba!"

"Shekara talatin ina tsayawa bayan jarumai ba a taɓa ba ni magana ba. Yau na samu, za ki hana ni?" Ya ɗora hular, ya ɗan tura ta gefe. Ya rage tsawonsa, ya saki kafaɗu. Cikin ƙiftawar ido mai gidan ya ɓace, wani mutum daban ne tsaye riƙe da makullai. "Kai kuma goge fuskarka. Jarumi ba ya fita da majina."

"Yaba, kada ka..."

Ya riga ya buɗe.

Baturiya ce doguwa mai gajeren gashi, bayanta mai kyamara ya riga ya saɓa ta a kafaɗa da jar fitila a kunne, gefenta tafinta da littafi a hannu.

"Marhaba, marhaba, gida ya yi haske!" in ji Amm Shihata yana rusunawa. "Ku shigo, ya hanim, uwargida. Ni ne mai gadin gidan nan, shekara arba'in. Na san marigayi kyaftin, mutumin kirki, ba ya wuce ni bai gaishe ni ba. A hannuna Basha ya girma."

Tafintan ya juya mata. Ta dafa ƙirji ta yi murmushi, ta miƙa wa Ra'uf hannu, ta ce wani abu game da ƙamshin abincin. Bai ji ba. Afaf ta juya baya, kafaɗunta na girgiza.

"Bari in kawo wa hanim kujera," in ji tsohon.

Ya juya ya nufi ɗaki. Taku ɗaya. Biyu. Kafaɗar dama ta tashi ta sauka. Ya dafa bango.

Murmushin Madam Katrin ya tsaya cak. Ta damƙi hannun mai kyamara, ta nuna masa bayan tsohon, tana magana da sauri, idonta na ƙyalli kamar wadda ta tsinci dukiya. Kyamarar ta bi Amm Shihata har bakin ɗaki, sannan ta juyo a hankali ta tsaya kan fuskar Ra'uf.

Tafintan ya gyara murya.

"Ustaz Ra'uf, Madam tana tambaya. Ta ce wannan shi ne mabaracin?"